Jan Fitsarin Gidan Tamba

Hodi ɗan Tamba masunci ne a Argungu, amma ba irin waɗanda ake nunawa a talabijin ranar gasar kamun kifi suna rungume da giwan ruwa ba. Shekara talatin yana faɗawa ruwa tare da jama'a a wannan rana, bai taɓa fitowa da kifin da ya fi damtsensa kauri ba, kuma shi da kansa yake fara ba da labarin don kada wani ya riga shi. Sana'arsa ta sauran kwanakin shekara ce. Da sassafe ya ɗauki gora da homa, ragarsa ta kamun kifi, ya gangara gulbi, da hantsi ya hauro da abin da Allah ya ba shi, matarsa Hanifa ta yi banda, ranar Laraba ya sa kwando a mota ya kai Birnin Kebbi. Dogo ne siriri, tafin ƙafarsa ya yi fari ya tsattsage saboda zaman ruwa, kuma ba a raba bayan kunnensa da karan sigari. In yana dariya a bakin gulbi, masu dashen shinkafa a tsallake suna ji.

Ba ya tsoron zurfi, ba ya tsoron igiyar ruwa, ya taɓa cire ƙugiya daga cinyarsa da wuƙa yana hira. Abu ɗaya ne yake tsoro, shi ne ciwon da ke kashe mazan gidansu.

A gidan Tamba akwai wata al'ada da suka gada. Duk yaron da ya fara shiga gulbi, wata rana zai wayi gari ya ga fitsarinsa ya koma ja. Sauran mutanen gari suna kiran abin tsargiya, su ɗaga kafaɗa, don kusan kowane yaro yana yi. Su mutanen gidan Tamba murna suke. Cewa suke ruwa ya karɓi yaron, ya sa masa hannu, daga ranar ba zai ci shi ba. Uban sai ya yanka zakara, ya zaɓo sabon gora ya ƙona sunan yaron a jiki da ƙarfe mai zafi. Hodi yana da shekara tara aka yi masa nasa. Ya tuna yana tsugune bayan danga yana kuka don zafi, Tamba yana tsaye a kansa yana dariya yana kiran maƙwabta su zo su gani. Jan ya bi shi shekaru, yana zuwa yana tafiya, daga baya ya ɗauke da kansa kafin ya yi aure, kamar yadda ya ɗauke wa kowa.

Abin da ba a yanka masa zakara shi ne dawowarsa. Tamba ya haura hamsin lokacin da jan ya dawo masa. Da fari ruwa-ruwa, sai gudaji, sai fitsarin ya dinga tsayawa, mutum ya wuni yana nishi ba ɗigo. Ƙafafunsa suka kumbura, jikinsa ya zube, ɗakin ya ɗauki wani wari wanda turare ba ya kashewa. Hodi ne mai fitar da kwanon. Yana da shekara ashirin da biyu, kuma har yau in ya ga kwanon silba irin wancan a kasuwa sai ya kau da kai. Shekara biyar da suka wuce, yayansa Usmanu ya bi wannan hanyar taki bayan taki. Shi an kai shi asibiti, amma sai da ya kasa tashi, aka sa masa robar fitsari, aka ce a mai da shi gida. Daga nan gidan ya yanke hukunci ba tare da an zauna ba: gado ne, a jini yake, kuma abin da ke cikin jini ba a yi masa magani.

Hodi yana da 'ya'ya mata huɗu da namiji ɗaya, Mujtaba, wanda shi ne ɗan fari. Saboda kunyar ɗan fari, tun ranar suna bai taɓa kiran sunan nan da bakinsa ba. "Kai" yake cewa, ko "yaron ga", in kuma yana nesa ya yi masa fito. Mujtaba ya kai ashirin da uku, ya fi ubansa iya ruwa, ya yi aure bara, matarsa tana da ciki. Shi ma an yanka masa zakaransa yana da shekara goma.

Wata safiya bayan an yanke shinkafa, Hodi ya ajiye gora a bakin gulbi ya ratse bayan wata bishiyar geza ya tsuguna. Yashin wurin fari ne tas. Bai ji zafi ba, bai ji komai ba, hankalinsa ma yana kan inda zai jefa homa. Da ya sunkuyar da kai sai ya ga yashin ya yi ja.

Ya daɗe a tsugune. Yana jin muryoyin masunta, yana jin injin ban ruwa yana tari a fadama, amma kamar daga wani gari. Shekararsa hamsin da biyu. Ya lissafa Tamba, ya lissafa Usmanu, ya sa kansa na uku, sai zuciyarsa ta ƙi tsayawa a nan, ta ci gaba ta nemo wanda ke biye da shi a layin. Ya ɗaga kai ya hango Mujtaba cikin ruwa har ƙirji, ya kifa ciki a kan gora yana tura shi da ƙafa. Tsoro ya kama Hodi irin wanda bai taɓa ji ba ko a bakin kabarin yayansa. Ya sa ƙafa ya tura yashi ya rufe wurin, ya sake turawa, ya tattake.

Ya yanke shawara a ransa cewa yaron ba zai gani ba. Shi ya san abin da ɗaukar kwanon uba yake yi wa mutum: shekara talatin kana rayuwa kana sanin kamannin mutuwarka. Don haka ya daina shiga banɗakin gida, domin daɓen siminti ne kuma Hanifa ce ke wanke shi. Sai ya riƙe fitsari tun asuba har ya isa gulbi, ya shiga ruwa har ƙugu, ya yi kamar yana gyara homa. Ya rage shan ruwa. In rana ta yi ya matsu, sai ya ƙirƙiro dalilin komawa bakin gulbi, yau ya manta wuƙa, gobe zai duba gurar da ya ɗana wa kifi. Wai shi nan dabara ce.

Ba a yi wata guda ba sai zafin fitsari ya shigo, da zazzaɓi, da ciwon mara. Wannan ya ba shi wata 'yar ƙofa, kuma mai jin tsoro ba ya raina ƙofa. Ya ce wa kansa ciwon sanyi ne, kowa yana yi. Bai je kemis a Argungu ba, don a can ko allura ka saya sai labari ya riga ka zuwa gida. Ya bari sai Laraba, bayan ya sauke kwandon banda a Birnin Kebbi, ya taka zuwa Nassarawa wurin Azubuike.

Azubuike mai kemis ne, ya shekara ashirin da wani abu a unguwar, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi, kuma tsohon mai sayen kifin Hodi ne. Hodi ya rage murya ya ce sanyi ke damunsa. Aka ba shi kafso na kwana biyar. Ya sha, zafin ya tafi, zazzaɓin ya sauka, har jan ya yi sauƙi ya koma kamar ruwan shayi. Kwana goma Hodi yana dariyarsa ta da. Rana ta goma sha ɗaya jan ya dawo da ɗan gudaji kamar ƙwayar wake.

Sau biyu yana komawa Nassarawa, sau biyu ana canza masa kafso. A zuwa na huɗu Azubuike bai juya wajen kanta ba. Ya dafa teburinsa ya dube shi.

"Hodi, wata nawa ke nan?"

"Bai kai biyar ba."

"Namiji ba ya yin sanyi sau huɗu a wata biyar haka kawai. Akwai abin da ke jawo shi. Faɗa mini gaskiya, wace kala fitsarin yake?"

Hodi ya waiga. Akwai wata yarinya a ƙofar shagon da bokitin zoɓo a kai. Ya kasa furtawa, sai ya nuna bokitin da haɓa.

Azubuike ya ce, "Kai! Tun yaushe?"

"Tun kahin zahin."

"To ni na yi kuskure da ban tambaye ka tun farko ba. Ba zan ƙara ba ka ko ƙwaya ɗaya ba. Maganin nan yana kashe zafin ne, abin da ke ƙarƙashi yana nan. Ka tafi babban asibiti, ka ce a haɗa ka da likitan mafitsara. Yau, ba Laraba mai zuwa ba."

Hodi ya yi fushi, irin fushin wanda aka faɗa wa abin da ya riga ya sani. Ya ce, "Mi likita za shi yi? Sun ga Usmanu, mi sunka yi mishi? Abin ga namu na, cikin jini shike." Ya ɗauki kwandonsa ya fita ko sallama babu. A mota har Argungu ya kunna sigari uku bai san ya sha su ba.

Hanifa ce ta kama shi, kuma da ma ita za ta kama shi. Mace mai wanke wa mutum kaya shekara ashirin da biyar ba a ɓoye mata abin da ke cikin wando. Wata azahar ya shigo ya same ta zaune a gindin murhun banda, ba ta juya kifin ba har ya fara ƙonewa, wandonsa yana kan cinyarta.

Ta ce, "Malam, zamna."

Ya zauna a kan turmi.

"Ni da matar Yaya Usmanu munka wanke kayanai wata shida. Na san tabon ga. Yaushe yad dawo?"

"Tun yankan shinkahwa."

Ta rufe baki da gefen zane. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, saboda matar Mujtaba tana ɗakin da ke kusa. Da ta samu murya sai ta ce gobe za su Birnin Kebbi. Ya ce ba inda za shi, gado ne, ta bar shi ya mutu da mutuncinsa, kada a tuɓe shi gaban yara ƙanana a sa masa roba a banza.

Hanifa ta ce, "To, na ji, gado na. In gado na, yaron hwa? Da wanda ka cikin cikin matatai? Haka za mu zamna muna kallo ana ɗaukar ku ɗaya-ɗaya, ba wanda yat taɓa tambaya ko mine ne? Baba bai tambaya ba. Yaya bai tai ba sai da bakinai ya mutu. Kai kana da baki. In ba ka zuwa don kanka, tahi ka tambayo ma yaron."

Wannan maganar ce ta ɗaga shi. Suka ce wa Mujtaba za su gaida wata 'yar'uwa a unguwar Gesse, cikin Birnin Kebbi.

Hodi bai taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Mutumin da ke nutso ya kamo tarwaɗa da hannu, ga shi a benci riƙe da 'yar kwalbar roba, ya naɗe ta a cikin hularsa don kada na kusa ya ga abin da ke ciki. Aka kwantar da shi aka shafa masa wani abu mai sanyi a mara, aka dinga goga na'ura, mai aikin tana kallon allo. Hodi yana kallon fuskarta. Ya ga lokacin da ta daina taunar cingam, ya ga ta koma wuri ɗaya ta sake gogawa, ta sake.

Likitan mafitsarar sunansa Rabi'u, mutum ne gajere mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Ya ce hoton ya nuna wani tsiro a cikin mafitsara, kuma sai an leƙa da ido an gutsuro kaɗan an auna. Da ya bayyana ta inda za a shigar da abin leƙawar, Hodi ya miƙe tsaye zai tafi. Hanifa ta riƙe bakin rigarsa, ba ta ko dube shi ba, ta dai riƙe. Aka yi bayan kwana uku. Ya fito yana tafiya a hankali, bai yarda sun haɗa ido da ita ba har tasha.

Sati biyu aka ce su jira. A sati biyun nan Hodi ya shiga ruwa kullum kamar yadda ya saba, amma in Mujtaba ya yi masa magana sai ya amsa yana kallon wani wuri. In ya dubi yaron, ƙafafun Tamba yake gani a kumbure a jikinsa. Abinci ya daina wucewa. A sallah yakan manta raka'a ta nawa yake. Akwai ranar da matar Mujtaba ta kawo masa fura ta durƙusa da ƙyar saboda ciki, ya karɓa ya ce Allah ya yi albarka, ya zaga bayan gida ya jingina da katanga har furar ta tsinke a hannunsa.

Ranar sakamako Likita Rabi'u ya sa aka rufe ƙofa. Bai yi ta kewaye-kewaye ba. Ya ce ciwon daji ne na mafitsara, ya ci cikin bangonta, amma hoto bai nuna ya fita waje ba tukuna. Ya ce akwai aiki, babba ne, mai yiwuwa a cire mafitsarar gaba ɗaya a yi wa fitsari wata hanya, kuma ba zai yi alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Da ya zo tun farkon ganin jan, in ji shi, da maganar ta fi haka sauƙi.

Hanifa tana ta salati a hankali. Hodi bai tambayi aikin ba, bai tambayi ko wata nawa ya rage masa ba. Ya matso bakin kujera.

"Likita, abu guda niz zaka tambaya. Ubana shi yak kashe shi. Yayana shi yak kashe shi. Ina da ɗa. Gado na?"

Likitan ya ajiye biro. Ya tambaye shi sana'ar Tamba, ya ce su, kamun kifi. Ta Usmanu, ya ce su. Suna shan taba? Dukkansu. Sun yi tsargiya suna yara? Hodi ya ce wane ne bai yi ba.

Likita Rabi'u ya ce, "To bari in raba maka shi. Gado yana da ɗan rabonsa, ba zan ce maka babu ba. Akwai mutanen da aka halicce su jikinsu yana jinkirin fitar da dafin taba, sai ya taru a fitsari ya daɗe yana cin mafitsara, kuma wannan halin ana iya gadonsa. Shi ya sa wanda ubansa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon nan ya fi wani zama cikin haɗari. Amma haɗari ne, ba hukunci ba. Ba a haifi kowa da ciwon a rubuce ba. Kuma irin naka, wanda muka gani a gwaji, mun fi ganinsa ga mutanen ruwa. A naman da muka gutsuro akwai ƙwan tsargiya, tsofaffi, sun daskare a ciki."

Hodi ya ce, "Tsargiya ta bar ni tun kahin in yi aure."

"Jinin ne ya bar ka. Tsutsa ce, Malam Hodi. Tana fitowa daga jikin dodon koɗi a ruwa, ta huda fata ta shiga, ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwan ne ke tsaga bango jini ya fito. In mutum ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya koma wa dodon koɗi, ya jira wani. Shekara ashirin, talatin, bangon yana ciwo yana warkewa, ga ciwon sanyi yana ta maimaituwa a kai, ga taba. Wata rana naman wurin sai ya canza hali. Abin da kuka gada, mafi yawansa gulbi ne da karan sigari."

Hodi ya tuna kansa tsaye cikin ruwa har ƙugu yana yi kamar yana gyara homa, Mujtaba yana ƙasa da shi taki goma.

Likitan ya ce, "Ɗan naka ya taɓa fitsarin jini?"

Hodi ya ce, "Har zakara niy yanka mishi."

Bai gaya wa likitan sauran ba, amma Hanifa ta sani, don ta juyo ta dube shi. Shekarar da Mujtaba yake aji biyar, ma'aikatan lafiya sun zo makarantarsu da wata doguwar sanda mai zane-zane, suna auna tsayin yara suna ba su ƙwayoyin tsargiya. Hodi ya ji labari ya je da kansa ya janye yaron daga layi. Ya ce wa malamin ba wanda zai goge wa ɗansa hannun da ruwa ya sa masa. Ya yi ta ba da labarin a bakin gulbi ana dariya, yadda ya bar malami da baki buɗe.

"Yana da magani?" Hodi ya tambaya.

"Tsargiya? Tana da shi. Kawo shi mu duba."

Motar Argungu ranar kamar ba ta tafiya. Hodi bai biya gida ba, daga tasha ya miƙe gulbi da rigar da ya je asibiti da ita da takalmi, Hanifa tana binsa a baya tana haki. La'asar ta yi, masunta sun cika ruwa. Ya hango Mujtaba can tsakiya a kan gora. Ya yi fito, iska ta kwashe. Ya ce "Kai!", mutum goma suka waigo ban da wanda yake nufi. Yaron ya ja numfashi zai yi nutso.

"Mujtaba!"

Bakin gulbin ya yi tsit. Duk wanda ke wurin ya san Hodi bai taɓa faɗin sunan nan ba. Mujtaba ya ɗago kai yana neman mai kiran, da ya ga ubansa ne sai ya saki homa ya yo gaɓa da sauri, ya ɗauka mutuwa aka yi.

"Baba, lahiya?"

"Hito daga ruwan ga. Hito duka, har ƙahwahunka."

Ya fito yana ɗiga. A nan tsaye, gaban mutane, Hodi ya faɗa masa abin da ya yi wata bakwai yana binnewa a yashi da ruwa. Da ya gama ya ce, "Ina tambayar ka, kada ka yi mini ƙarya. Naka ya ɗauke?"

Mujtaba ya sunkuyar da kai. Ya ce yakan gani jefi-jefi, a ƙarshen fitsari, ɗigo biyu ko uku. Bai faɗa ba don ya ɗauka haka ake yi.

Kwana biyu bayan nan suna kan bencin da Hodi ya zauna a farko. Mujtaba ya fito daga banɗaki, kuma ba wanda ya koya masa, ya naɗe kwalbar a cikin hularsa. Hodi ya ce ya fito da ita ya riƙe a fili. Aka kai gwaji. Aka kwantar da yaron aka shafa masa abin nan mai sanyi, kuma mai aikin ita ce dai ta ranar. Hodi ya roƙa aka bar shi ya tsaya a bakin ƙofa. Bai kalli allon ba, bai san karatunsa ba. Bakinta yake kallo. Ta goga dama, ta goga hagu, tana tauna cingam ɗinta. Ya kama ƙarfen ƙofar. Ta koma wuri ɗaya ta tsaya, numfashinsa ya tsaya tare da ita. Sai ta ci gaba da taunawa, ta miƙa wa Mujtaba takarda ya goge mararsa.

Likita Rabi'u ya duba takardun biyu. Ya ce akwai ƙwan tsargiya a fitsarin, masu rai. Bangon mafitsarar ya ɗan yi kauri, amma babu tsiro. Ya ce za a ba shi magani yanzu, ya dawo bayan wata uku a sake dubawa, kuma muddin yana shiga gulbi sai ya dinga sha duk shekara, don ruwan zai sake ba shi. Taba kuwa, da irin tarihin gidansu, ko kusa da mai shan ta kada ya zauna. Duk ranar da ya ga ja, ko ɗigo ɗaya ne, ya zo a ranar.

Aka auna nauyin Mujtaba, aka tambaya ko ya ci abinci, Hanifa ta ce ta tabbatar ya ci. Wata ma'aikaciya ta shigo da kofin ruwa, ta zazzage ƙwayoyi farare dogaye a tafin hannunsa.

Hodi ya kama wuyan hannun kafin yaron ya kai baki. Ya buɗe tafin ya duba.

"Saura hwa?"

Ma'aikaciyar ta ce, "Su ke nan, Baba."

"Na yau ke nan. Na gobe hwa, da na jibi?"

"Babu na gobe. Sau ɗaya ake sha."

Ya sake dubawa. Guda huɗu ne. Ya taɓa su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yatsan da ya tsattsage da ruwa. Ya tuna kwanon silba, ya tuna Usmanu a bayan mota ana mai da shi gida, ya tuna doguwar sandar nan da layin yara a farfajiyar makaranta. Aikinsa an sa shi sati mai zuwa, kuma bai san ko zai ga abin da matar yaron za ta haifa ba.

"Huɗu," ya ce, ba da kowa yake ba.

Ya saki hannun. Mujtaba ya watsa su a baki ya kora da ruwa. Hodi ya tsaya yana kallon maƙogwaronsa har ya tabbata sun wuce, ya ce ya buɗe baki ya gani. Sannan ya zauna a ƙasa, a kan simintin asibitin, ya ɗora hula a fuska ya yi kukan da bai yi wa ubansa ba.